An ce ƙirjina lafiya lau, amma tari ba ya barina barci

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 34. Kusan kullum da asuba nakan farka da tari, ƙirjina kamar an ɗaure, numfashina yana fito. Na je asibiti da rana, aka saurari ƙirjina aka ce ba a ji komai ba. Maigidana kuwa ɗaki ɗaya muke kwana, ko atishawa ba ya yi. Ko asma ce? Daga wata mai karatu.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Ba zan yanke hukunci ban gan ki ba, amma rashin jin komai da rana bai kore asma ba. Halinta ke nan, ta taso cikin dare ko da asuba, kafin hantsi ta lafa.

Mai lafiya idan ya shaƙi ƙura, hayaƙi ko iska mai sanyi, ya yi tari biyu ya wuce. Mai asma kuwa hanyoyin iskar huhunsa a kumbure suke ko ranar da yake jin garau. Da abu ya taɓa su, sai naman da ya zagaye su ya tsuke, majina mai kauri ta taru, fitar iska ta yi wuya. Fiton da kike ji daga nan yake.

Ki nemi a yi miki awon hura iska da na'urar sifirometa. A daƙiƙar farko, baligi mai lafiya yakan fitar da kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na duk iskar da zai hura. Mai asma, idan ta motsa, ba ya kaiwa. Sai a ba shi salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, ya shaƙa, a jira kamar minti 15 a sake. Idan iskar daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 da kuma mililita 200, hujja ta yi ƙarfi.

Awon ma yana iya fitowa daidai ko da akwai asma. To sai a ba ki ƙaramin bututun awo ki riƙa hurawa safe da yamma har mako biyu, kina rubutawa. Lambobin mai lafiya kusan ɗaya suke, na mai asma suna hawa da sauka fiye da kashi 10.

Abin da ke damuna shi ne masu dogara da salbutamol kaɗai. Yana buɗe hanya, amma ba ya taɓa kumburin, sai maganin shaƙa mai sitiroyid.

Ranar da kika kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓanki suka sauya launi, kada ki jira gari ya waye, a kai ki asibiti.