Ku Tambaya Mu Amsa: cin abinci a gindin dalar Giza

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni da maiɗakina za mu je Alkahira ganin likita a watan Janairu, in an gama gwaje-gwaje za mu ɗan samu sarari kafin jirginmu. Wani abokina ya turo min hoton wani tsohon otel wai shi Mena House, mutum na shan shayi ga dala, katafaren ginin nan na Fir'aunonin Masar, a gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Ina so in kai ta ko ta huce wahalar asibiti amma gaskiya ba ni da ƙarfin kama ɗaki a can. Ana barin wanda bai sauka a otel ɗin ba ya shiga ya ci abinci? Kuma ya ci kuɗinsa ko dai ado ne kawai? Daga Baban Khalifa, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Khalifa, Allah Ya ba uwargida lafiya, Ya kuma saka maka da wannan tunani, don ba kowane maigida ne ke kawo irin wannan a ransa ba. E, ana shiga cin abinci ba sai ka kama ɗaki ba, amma fa ka buga waya tukunna a ajiye muku tebur, kar ku kwashi ƙafa haka kawai a tare ku a get, don akwai bincike sosai, ana duba mota ana duba jaka. In ka kira ka ce tebur na waje kake so, wanda ke kallon dala, in ba haka ba sai a cusa ku can ciki ku biya kuɗi ɗaya da wanda ke gaba, ku dawo ba ku ga abin da ya kai ku ba.

Batun ko ya ci kuɗinsa, a gani na ya ci, in har ka san me kake saye. Abincin mai kyau ne amma za ka samu kamarsa a cikin gari da kuɗi kaɗan, abin da ba za ka samu ba shi ne mazaunin. Kana zaune a lambu ga ciyawa kore shar ga itatuwan dabino ga ruwa kwance a gabanka, sai ka ɗaga kai ka ga dalar Fir'auna Khufu ta tsaya maka a ka, gini mai shekara wajen 4,500, da can tsayinta ya kai mita 146 yanzu ta ɗan ragu saboda samanta ya zube, har layin duwatsun kana iya bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ake ganin ta cikin natsuwa, ba mai raƙumi da ke jan rigarka, ba mai tallan tsaraba.

Shi kansa gidan ba na jiya ba ne. A 1869 aka gina shi a matsayin masaukin farauta na Khedive Isma'il mai mulkin Masar, shekarar da aka buɗe mashigin ruwan Suez ke nan. Daga baya wasu Turawan Ingila mata da miji suka saye shi suka faɗaɗa, ya zama otel a 1886, sunan kuma na sarki Mina ne da ake cewa shi ya haɗe Masar ta kudu da ta arewa. A yaƙin duniya na ɗaya har asibitin sojojin Ostareliya ya zama. A watan Nuwamban 1943 nan ne cibiyar taron Alkahira inda shugabanni Churchill na Birtaniya da Roosevelt na Amurka da Chiang Kai-shek na Sin suka zauna kan makomar Japan, sannan a Disamban 1977 wakilan Masar da Isra'ila suka yi zama a ciki bayan shugaban Masar Sadat ya je Ƙudus. Yanzu kamfanin Marriott ke tafiyar da shi. Ka roƙi ma'aikatan ko za su bar ku ku leƙa tsohon ɓangaren, aikin katakon tagogi da fitilun da ke rataye a ciki abin kallo ne.

Shawarata ku je karin kumallo ko kuma ku isa bayan la'asar ku ga faɗuwar rana. In da safe ne ku nemi ful, waken nan nasu da ake dafawa ya yi luguf a zuba man zaitun da lemun tsami, da ta'amiya mai kama da ƙosanmu sai dai cikinta kore ne saboda ganye, a haɗa da gurasarsu aish baladi da ɗuminta. Da yamma kuwa in akwai mulukiya ku gwada, lalo ne dai da muka sani amma su da tafarnuwa suke ƙamshe shi su ci da shinkafa, sai ummu ali, wani kayan zaƙi na madara, a rufe baki, da zoɓo da suke cewa karkade. Janairu sanyi ake yi a can ba na wasa ba musamman in rana ta faɗi, ga mara lafiya, to ta tafi da rigar sanyi mai kauri. Ka kuma sa a lissafi cewa kuɗin da ka gani a takardar abinci ba shi ke nan ba, ana ɗora harajin VAT kashi 14 da kuɗin hidima, ga ɗan bakshish da ake ajiye wa mai kawo abinci. Ku fito da wuri, titin Haram da ke kaiwa wajen dalar go-sulo ne da shi.

TAMBAYA: Malam ni tsorona giya da naman da ba a san yankansa ba, an ce irin waɗannan manyan otel na Turawa ne. Da surukata za mu je kuma tsohuwa ce mai tsantseni. Daga Maman Ilham, Maraɗi.

AMSA: Hajiya batun nama ki kwantar da hankalinki, ƙasar Musulmi ce, masu girkin da masu hidimar galibi Musulmi ne, in kin ga wani abu baƙo a faranti ki tambaya kai tsaye za su faɗa miki. Giya kam ana sayarwa, ba zan ɓoye miki ba, za ki iya ganin ta a teburin kusa da ku don baƙi ne daga ko'ina. Shi ya sa ga Mama na fi son ku je da safe, lokacin shayi da kofi ne suka cika tebura, ga shi ba hayaniya. Ki gaya mata tun daga masauki kar ta gani bagatatan ranta ya ɓaci, in ta ce ba ta so to ki bar ta, ku kai ta masallacin Azhar da na Sayyidina Husaini, ku ci koshari, dafa-dukar nan tasu ta shinkafa da taliya, a kusa. In kuma ta yarda, ki ce a ba ku tebur da ba nisa da inda mota ke sauke mutane, harabar na da faɗi kuma tafiyar za ta yi wa ƙafafunta yawa.