Na rabu da tsoron wuta, amma yanzu lamirina ya hana ni barci

Anti, gaisuwa cikin sunan Yesu. Dan Allah ki sakaya sunana.

Ni budurwa ce, shekaruna 27, babana dattijon ikkilisiya ne. Mutum ne mai tsoron Allah ba ƙarya, amma a gidanmu bin Yesu duk doka ne, kar ki sa ɗan kunne, kar ki sa wando, kar ki shafa jan baki, kar a ji wata waƙa a wayarki in ba ta coci ba, kuma kowace doka ƙarshenta wuta. Tun ina ƙarama in na kwanta sai in ta lissafin laifin da na yi da rana, gabana na faɗuwa kar Yesu ya dawo cikin dare ya bar ni.

Da na samu aiki na bar gida sai wata abokiyar aikina ta kai ni cocinsu, a nan na fara jin wa'azin alheri, cewa ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, ba aikina ne ya saya ba. Anti ranar na yi kuka kamar me, ji nai kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Yanzu ina sa ɗan kunnena da wandona kuma ko kaɗan zuciyata ba ta zargina a kansu. Babana dai yace na fanɗare, in na kira shi gaisuwa kawai yake amsawa ya miƙa wa mama wayar.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ni ce mai rubuta takardar biyan leburori a kamfanin da nake aiki, oga ya sa ina rubuta cewa an biya su cikakken alawus alhali rabi ake ba su, sauran shi ya san inda yake kaiwa, ni ma ƙarshen wata yakan ba ni ɗan wani abu. Akwai wani tsoho a cikinsu da bai iya karatu ba, yatsa yake dangwalawa, duk ranar biya in na riƙe masa takardar sai yace Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan kalmar ce take hana ni barci.

Na faɗa wa 'yan'uwa a ƙungiyarmu ta matasa, ɗaya yace min ragowar tsoron gidanmu ne ke damuna, wai ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa, Yesu ya riga ya biya zunubin jiya da na yau da na gobe, kuma ai ba ni na ci kuɗin ba umarni aka ba ni. Har ya karanta min Romawa 8:1 cewa babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu. Ni kuma a gaskiya ina tsoron komawa irin rayuwar da na fito, ba na so in sake zama mai lissafin zunubi kowane dare. Sannan in na ƙi za a iya korata, ga ƙanwata ni nake biya mata makaranta.

Anti yaya zan gane ko Ruhu Mai Tsarki ne ke min magana ko muryar babana ce har yanzu take bina? In Yesu ya 'yantar da ni me ya sa ban da salama?

Taki, 'yar da ta rasa mafita

AMSA

'Yata, Ubangiji ya ba ki salama. Na karanta wasiƙarki da hawaye a idona, musamman wurin tsohon nan.

Kukan da kika yi ranar da kika ji wa'azin alheri na gaskiya ne, kar ki bari kowa ya ƙwace miki shi. Afisawa 2:8-9 a fili yake, ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba. Kuma abin da ya faru a gidanku ba sabo ba ne, tun zamanin manzanni wasu suka taso suna cewa sai an yi wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya kafin su sami ceto, har aka yi taro a Urushalima a kan maganar, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 15, aka ƙi ɗora musu wannan kaya. Wasiƙar Galatiyawa gaba ɗaya a kan wannan Manzo Bulus ya rubuta ta, da zafi ma kuwa. Don haka ɗan kunne da wando ba su ne za su kai ki sama ko wuta ba.

Amma ɗan'uwan nan na ƙungiyarku ya karanta miki rabin magana ne. Bulus ɗin da yace a Galatiyawa 5:1 Almasihu ya 'yanta mu kar mu sake shiga karkiyar bauta, shi ne a aya ta 13 ta wannan surar yace kar 'yancin ya zama ƙofar biye wa halin mutuntaka, sai dai mu bauta wa juna cikin ƙauna. Kuma kafin a kai Romawa 8 sai an bi ta Romawa 6, inda ya yi tambayar da kansa, mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya amsa da a'a ko kaɗan. Ayar Afisawa ma da na kawo miki, ki ƙara aya ɗaya gaba, ta 10, za ki ga an ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ayyukan ba su ne kuɗin ceto ba, amma ceton ne ke haifar da su.

Yanzu ga tambayarki, muryar wa kike ji. Ki duba bambancin da ke tsakanin daren yarintarki da daren yanzu. A da tsoro ne marar fuska, ba wanda kika cuta, kanki kawai kike ji wa tsoro kar a bar ki, kuma ko kin tuba gobe ma haka za ki kwana don ba ki san inda laifin ya tsaya ba. Yanzu kuwa abin da ke damunki yana da fuska, yana da yatsa mai tawada, yana da iyalin da ke jiran rabin kuɗin da bai iso gida ba. Ba kanki kike tausayi ba, shi kike tausayi. Kuma kin san takamaimai abin da in kika daina zuciyarki za ta kwanta. Haka Ruhu yake aiki, yakan nuna abu ɗaya a sarari ya kuma nuna hanyar gyara, ba ya ce miki taki ta ƙare. A 2 Korintiyawa 7:10 Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu, na ibada mai kaiwa ga tuba, da na duniya mai kaiwa ga mutuwa. Naki na farkon ne. Kinga ma shaida, a kan wando lamirinki shiru, a kan takardar biya ya ƙi shiru. Da muryar babanki ce ai da wandon za ta fara.

Wannan kuma ba dokar coci ba ce da za a ce kowa da fahimtarsa. Yakubu 5:4 yace hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Batun wai umarni aka ba ki, to hannunki ne ke rubutawa, ke kike riƙe masa takardar, kuma kina karɓar kaso.

Ki tuna da Zakka a Luka 19, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu bai ce masa sai ka gyara halinka zan shiga gidanka ba, shiga ya yi tukuna mutane na gunaguni. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe da kansa yace rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya tsoratar da shi da wuta. Mutumin da kuɗi suka riƙe wa wuya shekara da shekaru ne ya samu ikon sakinsu, wannan shi ne 'yancin da Yesu yake bayarwa. A Yahaya 8 ma da yace gaskiya za ta 'yanta ku, sharaɗin da ya fara faɗa shi ne ku zauna cikin maganata ku zama almajiraina, sannan yace mai aikata zunubi bawan zunubi ne. Ki tambayi kanki, a ofishin nan kina iya cewa a'a? In ba kya iyawa to akwai wurin da har yanzu a ɗaure kike, sai dai ba babanki ne ya ɗaure ki ba wannan karon.

Martin Luther, wani malamin Kirista Bajamushe wanda ya yi fice wajen yaƙi da koyarwar sayen ceto da ayyuka, a 1520 ya rubuta cewa Kirista 'yantacce ne ba bawan kowa ba, kuma a lokaci guda mai hidima ne ga kowa. Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, a 1937 ya kira irin koyarwar ɗan'uwanku alheri mai araha, wato gafara ba tuba, alheri ba almajiranci ba gicciye. Shi ya tsaya gāba da mulkin Hitler har aka rataye shi a watan Afrilu na 1945.

Ba zan ɓoye miki ba, abin zai iya jawo miki asara, za ki iya rasa aikin, kuma na san nauyin ƙanwarki na kanki. Yesu bai taɓa cewa binsa ba tsada ba, a Luka 9:23 cewa ya yi a ɗauki gicciye kowace rana. Amma ki yi da hikima. Ki daina karɓar kason daga wannan watan. Ki samu oga ke da shi, ba a gaban mutane ba, cikin ladabi ki ce ba za ki iya ci gaba da rubuta abin da ba a biya ba, ki kuma tuna cewa ranar da asiri ya tonu rubutunki za a gani ba nasa ba. Kafin ki yi maganar ki fara neman wani aikin, ki nemi shawarar wanda ya san dokar ƙwadago, ki kuma faɗa wa wata babbar mace mai bi da kika amince da ita don kar ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Abin da kika riga kika karɓa ki lissafa, ki riƙa mayar wa leburorin kaɗan kaɗan gwargwadon ƙarfinki, ki fara da tsohon.

Batun babanki kuma kar ki yanke shi. Bulus ya ƙi yarda a yi wa abokin aikinsa Titus kaciya da aka so a mai da ita sharaɗin ceto, amma shi da kansa ya yi wa wani abokin aikinsa, Timoti, saboda Yahudawan da za su yi wa wa'azi. In za ki gida ki cire ɗan kunnen ki sa abin da ba zai ɓata masa rai ba, saboda ƙauna da girmama uba, ba don cetonki na rataye a kai ba. Ki ci gaba da kiransa ko gaisuwa kawai zai amsa. Maganar ƙungiyarku kuma ki kai wa fastonku, ki tambaye shi kai tsaye ko abin da ɗan'uwan nan ya faɗa shi ne koyarwar cocin. In yace e, ki nemi wata ikkilisiya da ake wa'azin alheri da tuba tare.