Tambayi Likita: Rilaksa, Tsagewar Bakin Gashi da Ƙunar Fatar Kai

Tambaya: Likita, tun da na fara sa rilaksa, man miƙar da gashi, bakin gashina ke tsagewa. Wane mai ne zai haɗe shi?

Amsa: Babu shi, 'yar'uwa. Gashin da ya tsage, almakashi ne maganinsa. A datse kamar santimita 1 duk bayan wata 2 zuwa 3, da almakashi mai kaifi. In kin bar shi, tsagar za ta yi ta bin gashin zuwa sama.

Tambaya: Da hunturu gashina kan bushe ya yi ta karyewa, alhali kullum ina shafa man kaɗe.

Amsa: Mai ba ya shayar da gashi, danshin da ya tarar yake riƙewa. Ki fara fesa ruwa kaɗan ko ki shafa kwandishina, wato abin da ke sa gashi laushi, sannan ki bi bakin gashin da man kaɗe ko na kwakwa. Ki taje daga ƙasa zuwa sama da mataji mai manyan haƙora, ki kwana da ɗankwali mai santsi.

Tambaya: Mai gyara min kai ta ce sai rilaksa ya fara zafi ake sanin ya kama, kuma duk wata take shafe min gashin gaba ɗaya. Yanzu fatar kaina ta yi ɓawo, gashin gaba yana zuba.

Amsa: Wannan magana ta gama da kawunan mata da yawa, kuma wallahi tana ɓata min rai. Zafin nan ƙuna ce, Hajiya. Rilaksa sinadari ne mai ƙarfi, wasu nau'insa ma da sodar da ake yin sabulu ake haɗa su. Yana karya abin da ke riƙe da lanƙwasar gashi ne don ya miƙe, kuma yadda yake cin gashi haka yake cin fata. In ƙunar ta yi zurfi ta bar tabo, gashi ba ya sake fitowa a wurin.

Shafe kai gaba ɗaya kuma shi ke cinye bakin gashi. Wanda ya miƙe ya miƙe ke nan, ƙara masa rilaksa rauni kawai yake ƙara masa. Gashi kan tsiro kamar santimita 1 a wata, don haka a jira mako 8 zuwa 12, kuma sabon tsiron kaɗai za a shafa wa. A sa bazilin a goshi, ƙeya da kunnuwa, a lulluɓe tsohon gashin da kwandishina. A duba agogo, kada a wuce mintunan da aka rubuta a jikin robar. Da zafi ya fara a wanke, ko lokaci bai cika ba, da ruwa mai yawa da shamfun da ke kashe ƙarfin sinadarin. Kada a sa a kan da aka sosa ko mai ƙuraje.

Ke dai yanzu ki dakatar da rilaksa da kitso mai ɗaure kai, kada ki ɓamɓare ɓawon, kada ki sa masa toka ko man goge baki. Ki ga likitan fata cikin makon nan. In akwai mugunya, kumburi ko zazzaɓi, yau za ki je asibiti.

Tambaya: Zan iya rina gashi ranar da na sa rilaksa?

Amsa: A'a. Ki ba shi aƙalla mako 2.

Tambaya: 'Yata mai shekara 5 tana kuka wajen taje kai. In sa mata rilaksa?

Amsa: Don Allah kada ki sa. Ki jiƙa gashin, ki raba shi gida huɗu, ki taje a hankali. Rilaksa kuma a ɓoye shi daga yara. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa na aƙalla minti 20, a wuce asibiti nan take.