Rai a yalwace: me Yahaya 10:10 take nufi?

Ɗan'uwa, ka ce ayar ta yi alkawarin rai a yalwace, amma aljihunka wayam, zuciyarka ma haka, shin ba da kai take ba?

Fara karatu daga sura 9, inda Yesu ya buɗe idon makaho, aka kori mutumin daga majami'a. Daga nan Yesu ya shiga zancen makiyayi da ɓarawo, har ya ce a 10:10 shi ya zo ne domin tumakinsa su sami rai, su same shi a yalwace. Kalmar Helenanci da aka fassara "rai" a nan ita ce zowe, ran da Allah ke bayarwa. "Yalwa" kuwa ta ƙoƙon da ya cika har yana zuba ce, irin na Zabura 23:5.

Inda mutane ke tuntuɓe: tsinko ayar ita kaɗai, a mai da ita alkawarin mota da gida. Luka 12:15, inda Yesu ya ce ran mutum ba a yawan dukiyarsa yake ba, ta rushe wannan. Bulus ma a kurkuku yake sa'ad da ya rubuta Filibiyawa 4:11-13 kan wadatar zuci.

Karanta Yahaya 10:1-18 kowace safiya, kwana bakwai, kana rubuta abin da makiyayin ke yi wa tumakin.

Tambayoyin fassara, kai wa fastonka. In kuwa baƙin cikin ya wuce mako biyu, ba barci ba cin abinci, je ka ga likita ma.