Amsa ga 'yar'uwar da aka ce a sa wa mahaifiyarta ƙarfe a ƙugu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki: ta zame a banɗaki, likita ya ce karaya ce a saman ƙashin cinya sai an sa ƙarfe, kawunnanki kuma sun dage a kai ta wajen maɗori. Irin wannan ce ta samu Innarmu, kuma ni na yi jinyarta har ta koma taka ƙafarta, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Mu ma maɗori muka fara kira. Ba zan kushe shi ba, ya taɓa ɗora ƙanena a hannu ya warke sumul. Amma hannu daban, ƙugu daban. Karan da ake ɗaurewa ƙashin da ke kusa da fata yake riƙewa, wannan kuwa yana can ƙarƙashin tsoka, ba ta inda za a kama shi. Kwana tara muka yi ana shafe-shafe, ƙafar tana nan a gajarce ta kwanta waje, sai da muka ga bayanta ya fara saɓulewa sannan hankalinmu ya dawo jikinmu.

Kafin ku yi gardamar ƙarfe, ki sa likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna miki daidai inda ya karye, domin wurin ne yake zaɓar ƙarfen. Saman ƙashin cinya yana da kai kamar ƙwallo wanda ke juyawa cikin kwatangwalo, sai wuya, sai wani ƙullutu a ƙasan wuyan. Jijiyoyin da ke kai wa ƙwallon jini ta jikin wuyan suke bi. In wuyan ne ya karye ya goce, musamman a tsoho, jinin na iya yankewa ƙwallon ya mutu ko da an haɗa shi. Shi ya sa a nan sukan cire ƙwallon gaba ɗaya su sa na ƙarfe. Za ki ji suna ambatar Austin Moore, sunan likitan Amurka ne da ya ƙirƙiro irinsa. In bai goce ba, ko mai ciwon yaro ne, sai a ɗaure shi da dogayen noti, yawanci guda 3.

In kuwa wajen ƙullutun ne, to da sauƙi, wurin yana da jini sosai, yana haɗewa. Na Inna ke nan. Aka sa mata wanda suke kira DHS: babban noti ne da ake turawa ta cikin wuyan har cikin ƙwallon, gindinsa na zaune cikin wani bututu da ke jikin falle na ƙarfe wanda aka ɗaure a gefen ƙashin. Abin da ya ba ni mamaki, notin ba a kafe yake ba, yana ɗan zamewa cikin bututun, duk sanda ta taka sai bakunan karayar su matse juna, matsewar ce ma ke taimaka musu haɗewa. Akwai kuma sandar ƙarfe da ake zurawa ta cikin ramin ɓargo, PFN, ita ake so in ƙashin ya farfashe ko karayar ta gangaro ƙasa.

Ƙarfen ba shi ke warkar da ƙashi ba, riƙewa kawai yake don mutum ya tashi daga gado. Kuma kwanciyar ita ce abin tsoro ga tsoho, ba wuƙar likita ba: gyambon baya, ciwon huhu, gudan jini a ƙafa wanda kan iya tafiya huhu. Shi ya sa likitocin ƙashi suke son a yi aikin cikin kwana 2 in jiki ya yarda. Allurar baya aka yi wa Inna, idonta biyu aka gama. A kwana na uku masu gashin ƙashi suka tsayar da ita da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, tana zaginsu tana takawa.

Zancen wai zai yi tsatsa a jiki, ba haka ba ne. Da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin su, ko taitaniyom, kuma a tsofaffi ba a cika cirewa ba sai in ya dami mutum. Inna dai takan ce wurin na mata tsami da hunturu, sai mu ƙara mata bargo. Ƙafar ta ɗan rage tsawo kaɗan, muka sa mai gyaran takalmi ya ƙara mata tudun dunduniya.

Ki nemi a rubuta miki kuɗin komai tun farko, da na ƙarfen, da jini, da magani, da gado, kada a yi rabi a tsaya. Ku tanadi 'yan'uwa biyu masu ba da jini. In tana da hawan jini ko suga ki faɗa da wuri, ki tafi da duk magungunanta, domin su ne suka fi jinkirta aiki. In kuna kusa da Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, asibitocin koyarwa ma suna yi.

Gida kuma ki gyara shi kafin a sallamo ta. Masai na tsugune ba nata ba ne yanzu, ki samo kujera mai rami. Ki ɗauke katifarta daga ƙasa ki ɗora kan gado, sallah a zaune kan kujera, ki naɗe tabarmin da ke iya harɗe ta. In ƙwallon aka canja, za su hana ta harɗe ƙafa da sunkuyawa sosai na wasu makonni don kada ya fita daga mazauninsa. Kawunnan naki kuwa, ki ja babbansu ku shiga wajen likita tare ya ga hoton da idonsa. Namu sai da ya ga yadda ƙashin ya rabu biyu sannan ya yi shiru ya ciro kuɗi daga aljihu.