Filin Tambayi Likita: Wane Yaro Ake Fara Dubawa a Ɗakin Gaggawa?

Wasiƙun wannan wata daga Zamfara suka fito, kuma duk a kan yara ne da abin da ya kamata a yi musu idan an kai su asibiti rai a hannun Allah. Likitocin yara na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Na kai ɗana mai shekara 4 asibiti tun da asuba da zazzaɓi, na yanki kati, muka hau layi. Can da hantsi wata mata ta shigo da yaro a kafaɗa, ko kati ba ta yanka ba, malamar jinya ta karɓe shi ta yi ciki da gudu. Mu sai kusan azahar aka gan mu. Ƙa'ida ce ko sanayya? Daga wani magidanci, Ƙauran Namoda.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Ƙa'ida ce, kuma ita ce ta farko a tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa asibitocin yara. Da yawa daga yaran da ke rasuwa a asibiti cikin awa 24 na farko suke rasuwa, wasu ma a kan benci suna jiran a kira su. Shi ya sa ake son ƙwararren ma'aikaci ya kalli kowane yaro tun daga ƙofa, kafin kati, kafin biyan kuɗi. Kallon bai fi daƙiƙa 20 ba, daga nan a san rukunin da yaron ya faɗa cikin rukuni uku.

Rukunin farko ba ya jira ko minti ɗaya. Shi ne yaron da numfashinsa ya toshe ko ya tsaya, ko yake jan numfashi da ƙyar har ya kasa shan nono, ko harshensa da leɓɓansa suka yi shuɗi; wanda ya suma ko yake jijjiga; mai zawon da ya langaɓe, idanunsa suka faɗa; da wanda jini ya daina zagaya jikinsa yadda ya kamata. Shi wannan na ƙarshe da hannu ake gane shi. Za ka ga malamar jinya ta riƙe tafin yaro ta ji ko ya yi sanyi, ta danna farcen babban yatsa har ya yi fari ta saki. Idan jan bai dawo ba sai bayan daƙiƙa 3, ga jijiyar hannu tana bugawa da sauri ba ƙarfi, to wannan yaro ya riga kowa.

Rukuni na biyu ana tsallakar da su gaban layi: jaririn da bai kai wata 2 ba, mai zafin jiki ƙwarai, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, wanda ya sha guba ko kananzir, mai ƙuna, mai kumburin ƙafafu biyu, ramamme, da wanda ya zo da takardar turawa daga wani asibiti. Sauran su bi layi. Zamanka har azahar da ciwo, amma fassararsa ita ce an ga ɗanka ba ya cikin haɗarin nan take.

Sai dai yaro yana iya sauyawa a kan benci, don haka kada kunya ta hana uba magana. Ɗaga rigarsa ka ƙirga numfashi na minti ɗaya cur yana kwance lafiya, ba yana kuka ba. Sau 60 ga jariri ƙasa da wata 2, sau 50 daga wata 2 zuwa 11, sau 40 daga shekara 1 zuwa 5, duk ya yi sauri. In ka ga haka, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko yaro ya daina amsa kira, tashi ka faɗa da ƙarfi. Doka ma tana bayanka: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 2 ta daɗe tana zawo, ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Da aka kwantar da mu ba a sa mata ruwa ba, sai wata madara a ɗan kofi. Yaron gadon kusa da mu shi ma zawo ne, amma leda biyu aka ƙara masa. Ko don ba mu da hali ne? Daga wata uwa, Gummi.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, waɗanda suka hana ruwan nan sun san aikinsu. Zawon ɗaya ne, jikin yaran ne ba ɗaya ba.

Yaro mai ƙoshin jiki da zawo ya zuƙe shi, zuciyarsa na da ƙarfi, ruwa kawai ya rasa. Ana mayar masa da mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ɗan shekara ɗaya da rabi mai kilo 10 zai sami lita ɗaya, wato leda biyu masu 500: mililita 300 cikin rabin awa, sauran 700 cikin awa biyu da rabi. In bai cika shekara ba, awa 6 ake ɗauka. Kin ga ke nan sikeli ba ado ba ne a ɗakin gaggawa. Ruwa, jini, allura, duk da kilo ake auna su, kuma inda ake cankar nauyi da ido nan ake wuce gona da iri.

Alamomin da kika faɗa na tamowa ne mai tsanani. Ana tabbatarwa da awon damtse, in ya gaza santimita 11.5, ko a danna bayan ƙafafu biyu yatsa ya bar rami. Irin wannan yaro tsokar zuciyarsa ta rame tare da sauran jiki, gishiri ya taru masa, ƙodarsa ba ta fitar da ruwa da sauri. Tura masa leda ta jijiya kamar ɗora wa ramammen jaki kayan raƙumi ne: zuciya ta gaza, ruwa ya cika huhu. Ga shi kuma faɗawar ido da yamushewar fata, waɗanda ake gane bushewar jiki da su, yaro mai tamowa yana da su ko bai bushe ba, sai su ruɗi wanda bai ƙware ba.

Don haka ta baki ake bi. Akwai ruwan ReSoMal, mai ƙarancin gishiri fiye da ruwan gishiri da sukari da kika sani, mililita 5 kan kowane kilo duk rabin awa na awa 2 na farko. Yarinya mai kilo 7 za ta sha mililita 35, cokali-cokali, ana duba numfashi da bugun zuciya, a tsaya da zarar sun ƙaru ko fatar ido ta kumbura. Madarar kofin nan F-75 ce, ana ba da ita duk awa 2 ko 3. Ta dare ita ta fi muhimmanci, domin tsakar dare zuwa asuba ne sukarin jini ke faɗuwa, jiki ya yi sanyi. Ki tashe ta ta sha, ki lulluɓe ta har kai, kada a yi mata wankan safe da ruwan sanyi, kada kuma a saya mata maganin ƙarin jini a kemis sai likita ya ce ta fara murmurewa.

Ko a yaran da ba su da tamowa an daina ɗaukar ruwa a matsayin maganin komai. Wani bincike da aka buga a 2011 kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda, Kenya da Tanzaniya ya nuna waɗanda aka tura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, kusan 10 cikin 100, alhali waɗanda ba a tura wa ba kusan 7 ne.

Tambaya: Jikana yakan yi jijjiga idan zazzaɓi ya hau. Muna sa masa cokali a baki, mu yi hayaƙi, mu shaƙa masa albasa. Asibiti da nisa, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba. Me za mu yi kafin mu isa? Daga wata kaka, Anka.

Amsa: Inna, Allah ya ƙara girma. Mun san don ƙauna ake yi, amma a daina duka ukun. Ana sa cokali ne don tsoron kada yaro ya haɗiye harshensa, amma yaro ba ya haɗiye shi. Cokali yana fasa baki ya karya haƙori, hayaƙi yana cinye ɗan iskar da ya rage masa, ɗuren ruwa ko jiƙo kuwa huhu yake tafiya. A kwantar da shi a gefensa fuska ta ɗan kalli ƙasa don yawu ya zubo, a sassauta riga, a duba agogo. Jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta dawo, ko yaro bai farfaɗo ba, ta asibiti ce ko da dare ne. A hanya, bayan jijjigar ta lafa, a jiƙa ƙaramin cokali ɗaya na sukari a shafa ƙarƙashin harshe. In akwai ƙaramin asibiti a kusa a tsaya, a tambaya ko suna da atesunet na dubura, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ake sa wa yara ƙasa da shekara 6 don ya riƙe su zuwa babban asibiti. Ba ya maye gurbin tafiyar.

A can, ga abin da ya kamata ki gani. Za a gyara hanyar numfashi a sa oksijin. Za a ɗan soki yatsa a duba sukari; in ya yi ƙasa, ko babu abin awon, a ba da ruwan gulukos mai kashi 10, mililita 5 kan kilo. Sai dayazafam, maganin tsayar da jijjiga, ta dubura da sirinji marar allura, rabin miligiram kan kilo, a maimaita bayan minti 10 in ba ta tsaya ba. Ba a wuce sau biyu, domin yana danne numfashi. In zazzaɓin cizon sauro ne, allurar atesunet ce sau uku aƙalla: nan take, bayan awa 12, bayan awa 24, miligiram 3 kan kilo ga yaro ƙasa da kilo 20, sannan ƙwayoyi na kwana 3. Kada a tattara kaya don yaro ya buɗe ido bayan allurar farko. In likita ya nemi ɗibar ruwan baya a yarda, da shi ake gane sanƙarau, wanda Zamfara ta sha fama da shi a 2017.

Tunda daga Anka kike, ki faɗa wa likita idan ana daka ko niƙa dutsen zinariya a gida ko unguwa. A 2010 gubar dalma da ke cikin irin wannan dutse ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma jijjiga na cikin manyan alamominta. Da gwajin jini ake gane ta, maganinta kuma daban ne.

Tambaya: Ɗana ya sha kananzir a gorar lemo, muka ɗura masa manja ya yi amai. Mun yi daidai? Daga wani uba, Gusau.

Amsa: A'a Malam. Haɗarin kananzir a huhu yake, amai kuwa shi ke mayar da shi can. Ko a asibiti ba a wanke cikin wanda ya sha kananzir. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke fata da sabulu, a kai shi a sa masa ido na awa 6 aƙalla, domin tari da haki sukan biyo baya. In har yanzu yana tari ko jikinsa ya yi zafi, ka kai shi yau, ka tafi da gorar a ga abin da ya sha.