Amsa ga mai tambaya kan tsara wasan kalmomi masu gitta juna da Hausa

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce kana son tsara wasan kalmomi masu gitta juna domin mujallar ɗalibanku, mai jigo kan unguwannin Kaduna, amma duk lokacin da ka kwaikwayi allon da ake bugawa a jaridun Turanci sai gefen dama da ƙasan allon su ƙi cika, kuma kana neman shawara kan manhajojin kwamfuta da kan yadda ake rubuta manunin kowace kalma, wato 'yar jimlar da take nuna wa mai wasa kalmar da ake nema. Na daɗe ina tsara irin wannan wasa ga ɗalibai da abokai a nan Kaduna, saboda haka zan faɗi abin da aikin ya koya mini.

Matsalar da ka ci karo da ita daga ƙirar allon take. Wasan ya fara fitowa ne a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, daga hannun Arthur Wynne, ɗan asalin Ingila, kuma daga baya Amurkawa suka kafa masa ƙa'idoji: allo mai gurabe 15 a kwance da 15 a tsaye, babu kalmar da ta gaza haruffa uku, kowane harafi dole ya shiga cikin kalmar kwance da ta tsaye, sannan baƙaƙen gurabe, wato waɗanda ba a rubuta harafi a cikinsu, su daidaita ta yadda idan aka juya takardar sama ta koma ƙasa, zanen ba zai canza ba. Waɗannan ƙa'idoji an yanka su ne daidai jikin Turanci, wanda kalmominsa da yawa suke ƙarewa da baƙi. Mafi rinjayen kalmomin Hausa kuwa da baƙi suke farawa, da wasali suke ƙarewa. Idan ka jera kalmomi biyar a kwance, kowace ta ƙare a layin ƙarshe na dama, to abin da za ka samu a tsaye shi ne wasula biyar a jere, kuma babu kalmar Hausa mai wannan siffa. Haka nan a layin farko na sama, idan ka rubuta KAKURI, dole A da U da I kowanne ya fara kalmar tsaye, alhali kalmomi irin su abinci, uwa, ido da iska ba su da yawan da za su ɗauki wannan nauyi a allo bayan allo.

Kalmomin da suke ƙarewa da baƙi akwai su, amma 'yan kaɗan ne: mutum, malam, kullum, biyar, takwas, ashirin, Alhamis, Litinin, da kalmomin aro irin su tebur da fensir, sai kuma kalmomin amsa-kama irin su tak da fes. Yana da kyau ka ajiye su a littafi na musamman domin ranar buƙata. Abin da ba na so shi ne a riƙa liƙa wa kalma -n ko -r ta mallaka don kawai a toshe gurbi, a rubuta GIDAN ko MOTAR a tsaye su kaɗai. Mai warwarewa yana gane wannan dabara nan da nan, kuma tana rage wa wasan daraja.

Shawarata ita ce ka ɗauki ƙirar da jaridun Ingila suke amfani da ita, wadda take kamar raga, inda kusan rabin haruffan kowace kalma ne kawai suke gitta wata. Ni na fi jin daɗin allo mai gurabe 13, domin kalmomi biyu masu haruffa shida da baƙin gurbi ɗaya a tsakani suna cika layi cif, kuma jigonka yana da irinsu da dama: RIGASA, KAKURI, MALALI, KABALA. Ka yi ƙoƙari mahaɗar kalmomi ta riƙa faɗawa kan baƙi gwargwadon iko, saboda wasalin a ya yi yawa a Hausa ƙwarai, har ta kai idan shi kaɗai mai wasa ya samu daga kalmar da ta gitta, to kusan bai samu komai ba.

Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka yanke hukunci kan haruffa, ka kuma rubuta hukuncin a saman wasan. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, haruffa ne masu zaman kansu, don haka ba daidai ba ne K ta KABALA ta zama Ƙ ta ƘASA a mahaɗa ɗaya. Sai sh da ts, waɗanda kowannensu sauti ɗaya ne da aka rubuta da alamu biyu. Ni ina ba kowannensu gurbi ɗaya, kuma wannan zai yi maka amfani a jigonka, domin TUDUN WADA gurabe tara ce, SABON TASHA ma tara ce idan sh ta zauna a gurbi guda, sai su zama tagwaye, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, allon ya daidaita. Alhamzar da ke cikin jama'a da sana'a ba na ba ta gurbi, amma 'y ta 'ya'ya, wadda a Nijar ake rubutawa da ƙugiya, ina ɗaukarta harafi guda. Ko ka bi wannan tsari ko ka bi wani, kada ka canza shi a tsakiyar allo.

Kalmomin jigo su ake fara dasawa, dogaye tukuna, sannan a sa baƙaƙen gurabe, sannan a cike saura. Huɗu zuwa shida sun isa. UNGUWAR RIMI da UNGUWAR DOSA duka gurabe 11 ne, za su ja hankalinka saboda sun yi daidai, amma sa su tare yana nufin wanda ya gano ɗaya ya samu haruffa bakwai na ɗayar kyauta, don haka gara ka zaɓi guda.

Manuni shi ne inda nake ɓata mafi yawan lokacina, kuma nan ne Hausa take rama abin da ta hana mu a allo. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmomi masu ma'ana daban sukan fito da kamanni ɗaya a takarda. GADO za ta iya samun manuni kamar haka: "Ana kwana a kansa, ana kuma rabonsa bayan rasuwa." KUKA kuwa: "Jariri yana yi, uwa tana kaɗa miyarta." Haka wuya, da gari, da wata, da fari. Irin wannan manuni yana sa mai wasa ya tsaya ya yi tunani, idan kuma ya gano sai ya tabbata cewa ba a yaudare shi ba, domin kowane rabi na jimlar gaskiya ne. Karin magana ma taska ce, musamman ga ɗalibai: "Komai nisan jifa ___ zai faɗo," ko "Haƙuri maganin zaman ___." Kacici-kacici kuma a shirye yake tun daga kakanni, kamar "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" domin TSINTSIYA. Sai dai kada su wuce uku ko huɗu a wasa guda, don wanda ya san su yana cikewa ba tare da ya duba mahaɗa ba.

Ga kalmomin jigo, ka ba da abin da ɗan gari zai gane, baƙo kuma zai ƙaru da shi. RIGASA za ta iya zama "Nan jirgin ƙasan Abuja yake sauke fasinja tun 2016," KAKURI kuma "Unguwar masaƙu a kudancin kogi." Ka guji manuni irin "Wata unguwa a Kaduna," wanda ya dace da unguwanni huɗu masu haruffa shida a lokaci ɗaya. Ka kuma kula da jinsi da adadi: idan amsar BAƘA ce, manunin ya nuna mace, idan jam'i ce ya nuna jam'i.

Akwai batun karin harshe, wanda a Kaduna ba a iya kauce masa, tunda garin ya tara Zazzagawa da Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa da waɗanda suka koyi Hausa a kasuwa. Kasuwar Barci misali ce a kusa: wani zai rubuta BARCI, wani BACCI, duka gurabe biyar. Idan ka sa irin wannan kalma, ka tabbata wata kalma ta gitta harafi na uku domin ta raba gardama. A wajen tantance rubutu ina dogara da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006, ina kuma leƙa na Bargery na 1934 idan ina neman tsohuwar ma'ana, ko da yake yawancin abin da na tsinto daga can ba na sa shi sai na ji wani dattijo ya tabbatar cewa har yanzu ana faɗa.

Manhajojin kwamfuta da ka ambata suna taimakawa wajen zana allo da sa lambobi, amma ba za su cike maka da Hausa ba sai ka shigar musu da jerin kalmominka, kuma wasunsu ba sa karɓar haruffa masu ƙugiya. Idan ka gama, ka ba mutum biyu su warware ba tare da kana kusa ba, ɗaya ɗalibi daga ajin da ka nufa, ɗaya kuma wanda ba a Kaduna ya tashi ba. Duk manunin da su biyun suka makale a kansa, ko wanda suka ba shi amsoshi daban masu tsawo ɗaya, ka sake rubuta shi kafin a kai wa maɗaba'a. Idan ka turo daftarin allon da jerin unguwannin da ka zaɓa, zan duba mahaɗun tare da kai, in Allah ya yarda.